Shaida ta Bakwai

Sun ce in faɗi sunana.
Na faɗa ta bayan takunkumi:
Barira, na ce. Magatakarda ya rubuta Basira.
Ban gyara ba. Tun Asabar ɗin nan
na saba ganin mutum ya zo da ƙafarsa,
takarda ta ce ba shi ba ne.

Ni na riƙe akwati a firamaren Unguwar Sanusi,
a ajin da nake koyar da lissafi.
Da allina muka zana da'irori a ƙasa,
taku biyu tsakanin mutum da ɗan'uwansa,
layi ya miƙe har rumfar mai shayi,
ya karya kwana kamar zai tafi Tudun Wada.

Umarni ya zo mana a takarda biyu.
Ta fari: wanda bai rufe hanci ba, kada ya shigo.
Ta biyu: wanda ba a ga fuskarsa ba, kada ya jefa.
Na ɗaga su ina haska su da rana
ko akwai ta uku a tsakaninsu.

Baba Ɗanjummai, mai gyaran keken ɗinki a Kasuwar Barci,
ya wanke hannu sau uku kamar mai alwala,
ya ɗora babban yatsa. Na'ura ta yi gum.
Shekara arba'in na baƙin mai da ƙarfe sun cinye zanen,
abin da ya rage, sabulu ya ƙarasa.
Ya ce, "'Yata, duk wanda yatsan nan ya taɓa zaɓa
ya manta da ni. Yau inji ma ya bi sahu."
Dariya ta zo mini, tari ya zo masa,
layi ya dare gida biyu.

Ƙarfe shida dokar kulle ta kama.
Mutum arba'in da uku na tsaye cikin da'irarsu.
Littafin zaɓe ya ce wanda ke layi sai ya jefa,
jiniya ta ce kowa ya san inda dare ya yi masa.
Na rufe akwati.
Ni na rufe, da hannun nan.
Tazarar mai murna da mai ƙara: talatin da ɗaya.
Malamar lissafi ce ni, ba sai an faɗa mini ba.

Kotu ta zauna sau ɗaya, aka killace alƙali.
Aka ɗage.
Aka ce a zauna ta waya.
Lauya Kazah ya kai tsakiyar hujja, hoto ya daskare,
bakinsa a buɗe kamar tarwaɗa a tiren bakin gada.
Aka ɗage.
Kwanakin da doka ta ɗiba wa ƙara kuwa
ba su san killacewa ba,
suna ta zuba kamar gero daga hudajjen buhu.

Baba Ɗanjummai ne shaida na takwas.
Yau an kira sunansa sau uku, yadda tsari ya ce.
Ɗansa ya miƙe daga bencin baya,
ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya muka yi sadakar bakwai."
Magatakarda ya rubuta: bai halarta ba.

Sai lauya ya juyo kaina, tabarau ya yi masa hazo:
"Malama, kin bi doka? E ko a'a."
Na ce, "Wacce?"
Alƙali ya ce shaida ba ta tambaya.
Na ce e. Na ce a'a a zuci.
Duk biyun na rantse a kansu.

Gobe akwai makaranta.
Ruwan Agusta ya wanke da'irorin,
sai ɗaya a gindin dalbejiya da ruwa bai kai ba.
Yara na tsallaka ta da ƙafa guda, suna ihu.
Ni kam kewaye ta nake yi.
Akwai mai tsayuwa a ciki,
har yanzu bai jefa ba.